Hannun Fasto a Kan Surukinsa

Saura minti goma a fara sujada, matar Fasto ta same shi a ofis.

"Baba ya iso," ta ce. "Dattawa sun ce ka ɗora masa hannu a gaban jama'a, tunda jibi ne zaɓe, kuma yana takara."

Surukin nasa ne ya yi wa cocin rufi. Shi ne kuma ya ƙwace gonar gwauruwar da ke share cocin, ya gina ofishin jam'iyya a kai.

"Ba zan iya ba," in ji Fasto.

"To da wace fuska zan shiga gidanmu? Ni na zaɓi uban da ya haife ni?"

Tana fita, sai ga gwauruwar ta shigo ta durƙusa.

"Fasto, don Allah ka yi wa surukinka addu'ar. In ka ƙi, cewa za a yi ni na zuga ka. Ɗakin da nake ciki ma nasa ne."

Bayan wa'azi, surukin ya fito ya durƙusa a gaban bagade. Fasto ya ɗora hannu a kan furfurarsa, ya fara addu'a.

"Ya Ubangiji, kai ka san aikin kowa. Ka saka wa bawan nan naka daidai da aikinsa."

Matar Fasto ta sunkuyar da kai. Surukin kuwa ya ɗaga hannu sama, ya fi kowa ƙarfin cewa amin.