Hukuncin Gonar Kaka

"Babu shi a kwamfuta, 'yan mata," in ji Mista Tolliver, magatakardan kotun gunduma, yana hamma. "A digirin naki ba a koya miki haƙura ba?"

Zuwan Darnella na tara ke nan tana neman hukuncin da ya tabbatar wa kakarta gonarta, wadda wasu za su sayar ranar Juma'a.

Ta sauka ɗakin ajiya ta buɗe tsohon kundi. A zamanin, da sunan miji ake rubuta mace. Ga hukuncin kuwa da sunan Matar Elwood Pruitt, wato kakarta.

Ta hawo ta dire wa Tolliver kundin.

"An dai koya mini karatu, yallaɓai. Kai fa? Karanto mana sunan wanda aka kayar a shari'ar."

Hammar ta maƙale. Sunan mahaifinsa ne, tsohon da ya sa gonar a kasuwa.