Labarin da na ba ƙeyar Malama

Malamarmu ta Turanci a unguwar Highbridge, can ƙasar waje, ba ta yin jarrabawar takarda, sai dai ka tsaya gabanta ka ba da labari. Rannan da la'asar ni kaɗai na rage a aji. A Maraɗi an koya mini yaro ba ya haɗa ido da babba, don haka na sunkuyar da kai, bakina ya ƙi buɗuwa.

Sai ta juya kujerarta wajen taga, ta ce, "To, yanzu ina jin ki."

Na ba ƙeyarta labarin kakata da na baro, da guntun Turancina. Har na yi kuka ba ta waiwayo ba.

Yau Turanci ya zauna a bakina. Mai saurare ne babu.