Gyara Ɗaya

Sau uku Gwaggo Zinnira tana hawo acaɓa daga Garo zuwa Gwarzo, sau uku Uwaisu mai injin buga takardu yana sallamarta da ban haƙuri.

Maganar ta littafin koyon karatu ce na 'yan aji biyu, mai ɗauke da sunan mijinta, marigayi Malam Ja'afaru. Wani kamfani a Kano ya sayi ikon buga shi na shekara ashirin da biyar. Ya buga sau biyu ya jefa a durowa. Shi bai sake bugawa ba, bai kuma bar wani ya buga ba. Saura wata bakwai wa'adin ya cika.

"Gwaggo, in na buga yanzu, injina za su zo su ɗauke."

"Ɗana, ciwon nan nawa bai san wa'adi ba. So nake in riƙe shi sabo a hannuna. Akwai kuma gyara ɗaya, sai ranar bugu zan nuna maka."

Ta miƙo masa tsohon kwafi da asalin rubutun hannu da hagu, ta ce ya yi haƙuri, hannun ya fi ta taurin kai tun tana yarinya.

Da wannan littafin Uwaisu ya koyi karatu, don haka ya zauna farautar kuskuren da zuciya ɗaya. Rubutun ya jirkice baya, gefen hannu ya shasshafe tawadar. Shafi sittin da huɗu ya bi, ko ɗigo bai samu ba. Ya ce rigimar tsufa ce kawai.

Ranar da wa'adi ya cika bai tsaya jiranta ba. Ya buga ɗari biyu, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi Garo yana ta murna shi kaɗai.

Tabarmi ya tarar a ƙofar gidan, ana sadakar ukun Gwaggo Zinnira. Ya jingine babur, ya ƙarasa wurin masu zaman makoki.

Bayan ya yi gaisuwa, 'yarta Kamila ta fito zaure. Ta zaro kwafi ɗaya, ko buɗe shi ba ta yi ba, ta tsura wa bangon ido.

"Ashe ba ta samu ta nuna maka ba, Malam Uwaisu," in ji ta, hawaye na zuba. "Kamfani ne ya ce sai mai takardar malanta, shi ya sa Baba ya sa hannu. Inna ce ta rubuta shi."