Rigar Nafi'u

Tun da aka fara saƙa yadin da ke riƙe ɗumin jikin mai shi muddin yana raye, 'yan gwanjon Ƙofar Wambai suka raba kayansu tari biyu: masu ɗumi da masu sanyi.

Tabawa ta ba Sallau mai gwanjo ajiyar rigar ɗanta Nafi'u, wanda ya tafi ci-rani aka daina jin ɗuriyarsa, don a gida taɓa rigar ya hana ta barci. Duk Juma'a takan zo dubawa.

"Iya, ga ta nan, kamar yanzu ya tuɓe," in ji Sallau, idonsa a ƙasa.

Ta ɗora hannu. Da ɗumi kam. Sai dai akwai tokar dutsen guga a wuyan rigar.

"Allah ya yi maka albarka, Sallau," ta ce. "Ka sayar da ita."