Mace Ta Biyu a Cikin Na'ura

Babu sauran ƙarar madannai a falo. Tun da aka binne Malam kwamfutarsa take rufe a gefen keken ɗinkin matarsa, ita kuma ta kasa zama wuri ɗaya.

Aikinsa bai taɓa shiga kanta ba. Ta dai san yana zuba wa na'ura rubutun mutane, na'urar ta faɗi halin mai rubutun. Takan yi masa tsiya, wai wanda bai san inda ya ajiye tabaransa ba shi zai auna zuciyar jama'a.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, abokin aikinsa ya zo. Ya ce bincike ya tsaya sai an nemi izinin wasu mata biyu, don da saƙonninsu na waya Malam ya koya wa na'urar aiki. Marigayin ya tara su kashi biyu, ya goge sunaye: ɗaya ma'aunin kaifin harshe, ɗaya ma'aunin tausayi. Ko ta san su? Ya karanto mata ɗaya daga kashin farko.

"Ka sake barin maganinka a kan firji. To ka mutu kai kaɗai, ba ruwana."

Ita ta rubuta. Ashe da bakinta aka koya wa na'ura rashin mutunci.

Zai karanto na biyun ta ɗaga hannu, ta ce ko kalma ɗaya ta matar nan ba ta son ji. Sai ya ce abu ɗaya ke ɗaure masa kai: duk ranar da ta farko ta yi saƙo, ba a jimawa ta biyu ma sai ta yi.

Wato da ta yi masa faɗa, sai ya ruga inda ake lallashinsa.

Daga ranar ɗinki ya gagara. Ta yanka hannun riga biyu duk na hagu. Ta zazzage aljifan rigunansa, ba ta samu komai ba sai alawar tari. Ta dinga tuno matan da suka zo gaisuwa: wacce ta fi kuka, wacce ta ƙi haɗa ido da ita. Hatta ƙanwarta sai da ta yi wa kallon tuhuma. Wayarsa kuwa takan ɗauka ta ajiye, tana tsoron sunan da za ta gani. Wane miji ta binne, nata ko na wata?

Ranar da ta kasa haƙura ta kai wayar ofis, ta dire ta gaban abokin aikin. Ya ce na'urar na iya bin saƙonnin ciki ta gano mai irin salon maganar mace ta biyun. Ya jona waya. Ta ƙi kujera, tana kai da komo tsakanin taga da ƙofa.

Can ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Hajiya, yau kam sai kin ji."

Bai jira amsa ba ya karanta: "Na aiko maka da maganin, yana wurin mai gadi. Ka ci wani abu tukuna. Idan ka tafi, da wa zan yi faɗa?"

Sai a lokacin ta zauna. Faɗanta duk tana riƙe da shi a ka. Irin wannan saƙon kuwa, da takan tura in zuciya ta sauko, ba ta taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Ku taya ta da amin: Allah Ya jiƙan mutumin da ya nemi wadda ta fi kowa faɗa, ya nemi wadda ta fi kowa tausayi, ya same su duka a lambar waya ɗaya.