Tururuwa a Gwiwar Gwaggo Tabawa

A da, gwiwoyin Gwaggo Tabawa ke sanar da gari zuwan ruwa: in suka kumbura, sai kowa ya fito da iri. Tun da aka yi mata allurar sanyin ƙashi ciwon ya tafi. Likita ya ce tururuwa aka kwaikwaya wajen haɗa maganin, da kansa yake bin jini har gaɓar da ke ciwo.

Da hantsi Mati, ɗan ƙaninta, ya zo gaishe ta.

"Gwaggo, in shuka fadama? Ko gwiwar ta daina magana?"

Ta daɗe tana shafa cinyarta.

"Bar fadamar nan bana. Tun jiya tururuwan likita suka baro gwiwa, suna hawowa sama a jere. Haka tururuwa ke yi in ambaliya na tafe."