Babur Marar Madubi

Ka ce tsohuwarka ba ta taɓa kawo maka kuka ba, don haka lafiyarta lau? Zauna in ba ka misali. Akwai wani manomin albasa da ke kai mahaifiyarsa asibiti gashin ƙashi duk Laraba, saboda ciwon baya. A babur ɗinsa yake goya ta, hanyar kuwa gargada ce, rami na bin rami. Tun babur ɗin yana sabo ya sa aka cusa guntayen bututun ƙarfe a shokozoban gaba, wato abin da ke rage jijjiga in an faɗa rami, aka ɗura masa baƙin mai mai kauri, don ya jure buhu uku. Gaban babur ya sandare kamar taɓarya. Madubi kuwa ranar da ya saya ya kwance shi, kamar yadda kowa ke yi, wai barinsa ƙauyanci ne. To shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce tana jin jiki. In ya ce, "Inna, lafiya dai?" sai ta ce, "Lafiya lau." Ana nan, wata Laraba ta ce ta warke, ba za ta ƙara zuwa ba, alhali da ƙyar take miƙewa daga sallah. Hankalinsa ya tashi, don likita ya ce in ta bar zuwa, tafiya ma za ta gagare ta.

Wani tsohon bakanike da ke bakin hanyar ya lura Laraba biyu ke nan bai ga wucewarsu ba, sai ya tare shi ya tambaya. Da ya ji bayani ya ce, "Kai kana gaba, ni nake ganin fuskarta. Duk ramin da ka faɗa sai ta runtse ido ta ciji leɓe." Wallahi sai da manomin nan ya yi ƙwalla. Bakanike ya zare guntayen ƙarfen, ya tsiyaye baƙin man, ya zuba mai ruwa-ruwa, ya danna kan babur ya ga yana lotsawa yana dawowa a hankali. Ya gaya masa daga yau ya manta da buhu uku, shi kuwa ya ce albasa ta yi sawu biyu. Kafin ya tafi, tsohon ya ɗaura masa madubi ɗaya, ya karkata shi yadda ba hanya kaɗai zai nuna ba. Da lallashi Inna ta yarda ta sake hawa. Da suka zo wani babban rami da ke gindin tsamiya, ya saci kallon madubi. Sai ya ga idonta a buɗe, tana kallon gonakin mutane, har tana cewa dawar bana ta yi kyau. Ba ta sake fashin Laraba ba.

Don haka kai ma je ka zauna a gabanta ka dube ta da kyau. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.